Rijiyar da na'ura ta wanke: nazarin wani gwajin dalma a Kaduna

Takardar sakamakon ba ta wuce layi uku ba. Ta ce an auna dalma a ruwan wata rijiya da ke cikin wani gidan haya a Kaduna ta Kudu, abin da aka samu bai kai maikirogiram 10 a lita ɗaya ba, don haka ruwan bai ƙetare iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ba, wadda ita ce kuma Nijeriya ta ɗauka. Saurayin da ya sa hannu bai yi ƙarya ba. Na'urarsa ma lafiyarta ƙalau, kuma irin wadda ke jin dalma ce ko da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan iyaka ba. Duk da haka sakamakon kuskure ne, kuma shi ne kuskure mafi muni a sana'armu ta awon sinadarai, wato a ce babu guba alhali tana nan. In na'ura ta ce akwai guba kuma babu, hankali zai tashi, a kashe kuɗi, a sake gwaji, gaskiya ta fito. In ta ce lafiya lau, kowa ya kama gabansa, yara su ci gaba da sha.

Waɗannan ƙananan na'urori masu auna sinadari ta hanyar lantarki sun fara yawa a hannun ɗalibai da ƙananan ɗakunan gwaji da ƙungiyoyin sa kai, kuma ina murna da haka. Shi ya sa na ga ya dace a bi wannan lamari daki-daki.

Gidan da maƙwabtansa

Gidan irin na haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya a tsakiya. Rijiyar ba ta da zurfi. A watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Kaduna, ruwanta kan taso har guga ba ya cin igiya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan da wani fili na 'yan gwangwan, inda ake sana'a iri biyu. Ana fasa tsofaffin baturan mota da na sola, a tsiyayar da ruwan batur a ƙasa, a ciro farantan dalma a narka su a kasko. A gefe guda kuma ana ƙona tsofaffin wayoyin lantarki don robar ta cinye a samu jan ƙarfe tsantsa, wanda ke da kasuwa a Panteka. Tokar da ta rage a nan take kwana, ruwan sama ya wanke ta. A riƙe maganar jan ƙarfen nan, domin ita ce tsakiyar lamarin.

Wadda ta fara ɗago zancen ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin unguwar. Yara biyu daga gida ɗaya suna ta dawowa da ciwon ciki, rashin cin abinci da ƙarancin jini, an yi maganin zazzaɓin sauro da na tsutsar ciki, abin bai sauya ba. Ita kuwa ba ta manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ko na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja a 2015, nan kusa da Birnin Gwari. Ta kai maganar ga mai unguwa, ƙungiyar matasa ta haɗa kuɗi, aka kira wani ƙaramin ɗakin gwaji mai zaman kansa. Da takarda ta fito, mai unguwa ya kira ta.

"Malama, ga shi an auna, an ce ruwa lafiya lau. Me kuma ya rage?"

"Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Yaran nan ba sauro ke damun su ba. A bari wani ya sake dubawa."

Ta wannan hanya aikin ya iso hannuna, kuma saurayin da ya yi gwajin farko ya zo da na'urarsa da littafin aikinsa da ragowar ruwan, ba tare da wata gardama ba. Na yaba masa da wannan, domin da bai rubuta duk abin da ya yi ba, da an sha wuya kafin a gano inda matsalar take.

Abin da ke faruwa a fuskar elektirod

Na'urar tana shiga ƙaramar jaka. Ana soka mata wani siririn kati da aka buga wa elektirod uku, wato wuraren da lantarki ke haɗuwa da ruwan: na aiki, wanda aka yi da kabon, na azurfa, wanda ake auna ƙarfin lantarki a kansa, da na uku da ke cika zagayen wutar. Kafin a fara, ana zuba wa ruwan sinadarin asitet da zai tsayar da tsaminsa a pH 4.5, sannan a ƙara ɗan bismut, wani irin ƙarfe.

Aikin mataki biyu ne. Na farko shi ne tarawa. Ana riƙe elektirod ɗin aiki a wajen bolt 1.2 ƙasa da sifili na kimanin minti biyu, ana motsa ruwan. Bismut ya sauka ya shimfiɗu a kan kabon, duk dalmar da ke narke da ta iso wurin ta karɓi elektiron biyu, ta koma ƙarfe, ta shige cikin shimfiɗar. Na biyu shi ne saki. Ana ɗaga ƙarfin lantarkin a hankali zuwa wajen sifili, kowane ƙarfe kuma yana da inda yake sakin elektiron ɗinsa ya koma cikin ruwa: tutiya kusa da 1.1 ƙasa da sifili, kadimiyom kusa da 0.75, dalma kusa da 0.5, shi kansa bismut ɗin can gab da sifili. A daidai wurin kwararar lantarki kan yi tsalle, layin da ke kan allo ya yi tudu. Inda tudun ya tsaya shi ke faɗin wane ƙarfe ne, tsayinsa kuma ya faɗi yawansa.

Asalin wannan ilimi yana komawa ga Jaroslav Heyrovský, wanda ya fara auna sinadarai da ɗigon zaiba a birnin Prag a 1922, ya kuma sami kyautar Nobel a 1959. Shekaru da dama zaiba ce ke wannan aiki, har zuwa 2000 da Joseph Wang da abokan aikinsa suka nuna bismut na iya maye gurbinta. Tunda zaiba ita ma guba ce, kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ƙasashe rage amfani da ita, sai bismut ya samu karɓuwa, musamman ga aikin da ake fita da shi waje.

Halaye biyu ake nema ga irin wannan na'ura, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya alhali ba ɗaya ba ne. Akwai kaifin ji: nawa tudun ke ƙaruwa idan an ƙara maikirogiram ɗaya na dalma. Daga nan ake lissafa mafi ƙarancin abin da za ta iya ganowa, ta hanyar auna rawar da layin ke yi a ruwan da babu komai, a ninka sau uku, a raba da wannan kaifi. A nan na'urar tarawa da saki ba ta da na biyu a farashinta, saboda matakin tarawa yana cunkusa ƙarfen a ɗan ƙanƙanin wuri har ya ninka yawansa sau ɗari zuwa dubu kafin a auna. Sannan akwai iya bambancewa: shin tudun da na gani na dalma ne ita kaɗai, kuma tsayinsa zai tsaya yadda yake ko me ke cikin ruwan tare da ita? Lambar da aka buga a jikin kwali ta kaifin ji ce, kuma a tataccen ruwa na ɗakin gwaji aka samo ta. Babu kamfanin da zai iya buga maka lambar bambancewa ta rijiyar da bai taɓa gani ba.

Abin da littafin aikin ya nuna

Saurayin ya daidaita na'urarsa yadda aka koya masa. Ya haɗa ruwan dalma mai sanannen ƙarfi a tataccen ruwa, mataki-mataki, ya auna, ɗigogin suka hau layi miƙaƙƙe. Ba abin da zan gyara a nan.

Ruwan rijiyar kuwa a gorar ruwan roba aka kawo masa, wadda aka ɗauraye kawai. Ba a sa masa asid ba. Ya kwana a kan tebur, gurɓin ya kwanta a ƙasa, da safe ya tsiyayi na sama mai haske ya auna. Tudun dalma ya fito ɗan ƙarami. Don ya tabbatar, sai ya tsawaita lokacin tarawa daga daƙiƙa 120 zuwa 300. A tataccen ruwa wannan kan sa tudu ya ninka ko fiye. A nan da kyar ya motsa. Shi ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa dalmar ce babu. A gaskiya wannan ce alamar farko cewa wani abu ya danne fuskar elektirod ɗin, domin ko dalmar kaɗan ce, in hanya a buɗe take, ƙarin lokaci dole ya ƙara tsayin tudu.

Gwajin da ya tona asiri

Ba mu fara da komawa rijiya ba. Ragowar ruwansa muka raba biyu, muka ɗiga wa rabi dalma da muka san yawanta, daidai maikirogiram 20 a lita, muka auna duka biyun. Tambayar mai sauƙi ce: na sa ashirin da hannuna, nawa na'ura za ta maido mini? Ɗakunan gwaji kan amince da sakamako ne idan abin da ya dawo ya faɗa tsakanin kashi 80 da 120 cikin ɗari. A wannan ruwan ko sulusi bai dawo ba. Daga nan takardar farko ta faɗi, tun kafin mu san nawa ne ainihin dalmar. Na'urar da ta kasa ganin abin da aka zuba mata a gabanta ba za a karɓi shaidarta kan abin da ke ɓoye ba.

Saura a gano me ya danne ta. Manhajar na'urar an tsara ta ne ta nuna ɗan yankin da tudun dalma ke fitowa kawai, ta kuma fitar da lamba. Muka haɗa ta da kwamfuta muka buɗe layin gaba ɗaya har ya wuce sifili. Sai ga tudun bismut ya karkace ya rage tsawo, a kafaɗarsa kuma wani ƙaton tudu ya taso wanda babu shi a tataccen ruwa. Jan ƙarfe ne. Saurayin ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, ashe duk wannan yana ciki ban gani ba?" Na ce masa na'urar ta gani tun ranar farko, allon ne bai nuna masa ba.

Jan ƙarfe ya fi dalma da bismut saurin karɓar elektiron. A bolt 1.2 ƙasa da sifili, ba dalma kaɗai ke sauka ba, duk ƙarfen da zai iya sauka yana sauka, wurin kuwa ƙanƙane ne. Abin kamar motar haya ce a tashar Kawo da yamma: mai ƙarfin kutse shi ke samun kujera. Jan ƙarfe ya riga bismut kama fuskar kabon, shimfiɗar da ya kamata ta karɓi dalma ba ta shimfiɗu da kyau ba, ɗan abin da ya sauka na dalmar kuma ya cakuɗe da jan ƙarfen, bai fita a inda aka saba ganinsa ba. Tsawaita lokacin tarawa, wanda shi ne hanyar ƙara kaifin ji, ƙarin jan ƙarfe kawai ya tara. Wannan ne darasin da na fi so ɗalibai su riƙe daga lamarin: abin da ke ƙara wa na'urar kaifi bai san dalma daga waninta ba.

Wani abin lura kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda jan ƙarfe ya kai miligiram 2 a lita a ruwan sha, wato ninki 200 na iyakar dalma. Ke nan ruwa zai iya ɗaukar jan ƙarfen da bai kai ya cutar da mai sha ba, ba ya sauya launi, ba ya sauya ɗanɗano, amma ya ishi ya makantar da elektirod ɗin bismut. Ba sai a maƙwabtan 'yan gwangwan ba. Gidan da aka yi wa aikin famfo da bututun jan ƙarfe ko kan famfo na tagulla ma yana iya kawo wannan matsala.

Maganinsa sananne ne: ɗan ƙanƙanin ferosayanaid na fotashiyam, wanda ke kama jan ƙarfe ya ɗaure shi ya bar dalma. Sai dai a kiyaye, ba a zuba shi cikin asid mai ƙarfi, balle mai zafi, domin yana iya sakin iskar sayanaid mai kisa. Sai an daidaita tsamin ruwan zuwa 4.5 tukuna. Da muka sa, ƙaton tudun ya sauka, na bismut ya miƙe, na dalma ya tashi a fili.

Amma da muka maimaita gwajin ƙari, har yanzu abin da ya dawo bai kai kashi 80 ba. Akwai sauran rina a kaba. Alamar tana cikin gorar: in an girgiza ta, kumfa kan tsaya a sama ya daɗe bai mutu ba. Da muka je gidan muka ga dalili. A bakin rijiyar ake wanki da wanke-wanke, simintin da ya kewaye ta ya tsage, ruwan omo yana komawa ciki ta tsagin, salga kuma ba ta da nisa. Sinadaran sabulu suna mannewa a fuskar elektirod su hana ƙarfe isowa. Ruɓaɓɓun abubuwan da ke narke a ruwa kuma suna naɗe dalmar su riƙe ta, na'urar kuwa dalmar da ke sake kawai take iya tarawa. Wannan ba ya gyaruwa da ɗigon wani sinadari. Sai an dafa ruwan da asid ɗin naitirik da haidirojin feroksaid a kan faranti mai zafi har waɗannan abubuwa su ƙone, ko a haska shi da fitilar UV inda ake da ita, sannan a maido da tsaminsa. Duk matakin da aka bi da ruwan rijiyar sai an bi shi da tataccen ruwa a gefe, saboda asid ɗin kansa da kwalaben na iya kawo tasu dalmar. Kwalabenmu a asid suke kwana kafin a taɓa su.

Matsala ta uku ita ce ɗibar ruwan tun farko. Dalma tana son manne wa bangon gora da ƙwayoyin laka. Ruwan da aka bari ya kwana ba asid, aka tsiyayi samansa, ya riga ya yi asarar wani kaso kafin ya ga na'ura. Mutanen gidan kuwa ba tsiyayayye suke sha ba, yadda guga ya fito da shi haka ake zubawa a randa. Tsamin cikin mutum ya isa ya narkar da dalmar da ke jikin laka, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Saboda haka muka sake ɗiba a gorar da aka wanke da asid, muka ɗiga naitirik a bakin rijiyar har pH ya sauka ƙasa da 2, ba mu tace ba.

A ƙarshe ba mu auna da layin tataccen ruwa ba. A cikin ruwan rijiyar kansa muka yi ta ƙara dalma sananniya, sau uku, muna auna tudun kowane ƙari, muka ja layin baya har inda ya yanke. Ta haka duk abin da ya rage yana danne siginar zai danne na asali da na ƙari daidai wa daida. Abin da ya fito ya ninka iyakar ruwan sha sau uku da ɗoriya.

A nan sai da muka tsaya muka tuhumi kanmu ta ɗaya ɓangaren. Kuza tana fita kusan wuri ɗaya da dalma, musamman a ruwa mai asid ɗin haidirokulorik, kuma a filin ana narka tsohuwar solda, wadda haɗin kuza da dalma ce. Na'urar da ta rage lamba jiya tana iya ƙara ta yau. Wannan na cikin dalilan da suka sa muka zaɓi naitirik da asitet, inda kuza ba ta cika fitowa ba, kuma shi ya sa muka nemi shaida ta biyu.

Babbar na'ura da nata rauni

Shugaban matasan tun farko cewa yake a kai ruwan Zariya a sa a babbar na'ura a huta. Yana nufin na'urar da ke fesa ruwa cikin harshen wuta ta auna hasken da ƙwayoyin ƙarfe suka tsotse, wadda ita ce aka fi samu a jami'o'i da cibiyoyin bincikenmu. Wajen bambancewa ta yi wa ƙaramar na'urar nisa. Fitilarta hasken dalma kaɗai take fitarwa, ana aunawa a nanomita 283.3, jan ƙarfe da omo ba ruwansu da wannan layi. Amma kaifinta ga dalma bai kai ba. A aikin yau da kullum sai dalma ta kai gomomin maikirogiram a lita kafin ta fita daga cikin rawar layi. Da an fesa ruwan kai tsaye, da wataƙila an rubuto "ba a gano ba", mutane kuma su karanta shi a matsayin "babu". Na ga takardu da yawa masu wannan kalma a kan ruwan sha, kuma kowane lokaci tambayata ɗaya ce: ba a gano ba ƙasa da nawa?

Don haka muka ƙafar da mililita 500 na ruwan mai asid a hankali har ya koma 25, ninki ashirin ke nan, sannan aka kai. Da aka raba sakamakon da ashirin, ya zo kusa da namu. Hanya biyu da ba su haɗa komai ba, ɗaya lantarki ɗaya haske, sun tsaya wuri ɗaya. A nan ne na yarda a rubuta sabuwar takarda.

Jinin yaran

Wannan rauni ba na ƙananan ɗakunan gwaji kaɗai ba ne. Na'urar LeadCare, wadda ake auna dalma a jini da ita cikin 'yan mintuna, da wannan hanya ta tarawa da saki take aiki, kuma ta yi babban amfani a Zamfara, inda jinin yara da yawa ya wuce maikirogiram 65 a desilita, ƙarshen abin da take iya karantawa, har sai da aka riƙa sirka jinin kafin a auna. Amma a watan Mayu na 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a yi amfani da ita da jinin da aka ɗiba daga jijiya, saboda tana ba da lamba ƙasa da gaskiya. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa robar murfin wasu kwalaben ɗibar jini na ɗauke da sinadarin tiyuram, wanda ke sakin iska mai sulfa da ke narkewa cikin jinin ta ɗaure dalmar. Murfin kwalba kawai. A 2021 kuma aka janye wasu kayan gwajin na'urar daga kasuwa, nan ma saboda ƙarancin lamba.

Shi ya sa da za a kai yaran gwajin jini na roƙi malamar jinyar abu biyu. In daga yatsa za a ɗiba, a wanke hannun yaron da sabulu sosai, domin ƙurar da ke kan fata kan ɗaga lamba. In daga jijiya ne, a kai inda ake da na'urar tanderun girafait, babbar na'ura mai auna ƙarfe da haske, ko makamanciyarta. Sakamakon ya haura maikirogiram 3.5 a desilita, mizanin da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke aiki da shi tun 2021, amma bai kai 45 ba, inda ake fara maganar ba da maganin fitar da dalma daga jiki. Likita ya ɗora su a kan maganin ƙarin jini da abinci mai gina jiki, ya sa ranar sake aunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Abin da aka yi

A zauren mai unguwa aka karanta sabuwar takardar. Wata dattijuwa daga gidan ta yi tambayar da kowa ke da ita a zuci.

"Ɗan nan, in mun tafasa fa?"

"Iya, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Dalma ƙarfe ce, ba ta mutuwa. Ruwan ne zai ragu, ita ta zauna."

Ta tambayi alif, na ce yana kwantar da laka ya tafi da wani kaso, amma ba abin dogaro ba ne ga ruwan da yaro zai sha. Aka tsayar cewa rijiyar ta wanki ce kawai, sha da girki da kunun yara sai ruwan burtsatsen masallaci, wanda muka gwada ta hanyar nan mai tsawo ya fito lafiya. Mai gidan ya gyara simintin bakin rijiyar. Na kuma ja hankalin iyaye mata kan kwalli, saboda wanda ake yi da baƙin dutse mai ƙyalli yawancinsa dalma ce, kuma jarirai ake sa wa.

Mai filin ya zo zaman da kansa, kuma ba mugun mutum ba ne. 'Ya'yansa a filin suke wuni. Ya yarda a daina tsiyayar da ruwan batur a ƙasa, a riƙa tarawa a jarkoki, ya kuma ɗauke kaskon narkawa daga jikin katangar. Maganar tashi daga wurin gaba ɗaya ta fi ƙarfin zaman ranar, domin abincin mutane da yawa a nan yake.

Da rani ya shigo, ruwan rijiyar ya ja baya, muka sake ɗiba. Jan ƙarfen ya ragu ƙwarai, kumfa babu, gwajin ƙari ya dawo da kusan duk abin da aka sa ko ba ferosayanaid. Rijiya ɗaya, na'ura ɗaya, amma halin ruwan ya sauya da yanayi. Zafi ma yana da nasa tasiri, domin siginar kan ƙaru da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a kowane digiri, layin da aka daidaita da sanyin safiyar hunturu ba zai yi aiki da azahar ɗin watan Maris ba. Ba za a ce an gwada ruwan unguwa kaza sau ɗaya an san halinsa ba.

Mai ɗakin gwajin da aka fara kira ya kawo ƙorafi mai ma'ana. Katin elektirod daga waje ake sayo shi da dala, kuma ta wannan hanya kowane ruwa yana cin kati huɗu ko biyar maimakon ɗaya, ga kuɗin asid mai tsafta, ga wuta. Ƙungiyoyin unguwa da ke kawo masa aiki ba su da wannan kuɗi. Ban raina wannan magana ba, amma ban ga yadda za a sayar wa mutum lambar da ba a san ko ta tsaya ba, a kan ruwan da 'ya'yansa ke sha. Matsayar da muka cimma ita ce kowane ruwa sai an yi masa aƙalla ƙari ɗaya, kati biyu ke nan. Wanda ya dawo tsakanin 80 da 120 a fitar da sakamakonsa. Wanda bai dawo ba a bi da shi ta doguwar hanya, ko a gaya wa mai shi a fili cewa wannan na'ura ba za ta iya da ruwansa ba. Takardarsu yanzu tana da layi biyu da ba ta da su a da: kason da ya dawo, da mafi ƙarancin abin da aka iya ganowa a wannan ruwan.

Ƙasar tsakar gidan da ƙurar ɗakunan su ne aikin da ke gaba, kuma ina kyautata zaton dalmar da ke shiga jikin yaran ta wannan hanya ta fi ta ruwa, kamar yadda aka gani a Zamfara. Mun kankare ƙasa daga bakin katanga, da ƙofar ɗakin yaran, da inda ake shanya hatsi, mun shanya mun tankaɗe. Ita ƙasa jan ƙarfenta da baƙin ƙarfenta sun ninka na ruwa nesa ba kusa ba, don haka ba za mu sa ta a kan bismut ba. Za a narkar da ita da asid a kai ta na'urar harshen wuta, wadda kaifinta ya ishi irin yawan dalmar da ake samu a ƙasa.